Ranar Ɗaga Jinka

Kai da kake cewa talaka ba shi da ta cewa, gyara zama ka ji wannan.

A wani ƙauye an yi wani attajiri mai sayen hatsi da kaka ya ɓoye sai ya yi tsada. Da aka zo naɗin mai gari, ya bi masu zaɓe gida-gida da buhun gero da turmin atamfa, har aka naɗa nasa. Ba a yi wata biyu ba ya kewaye tafkin garin da shingen ƙaya, wai mai gari ya sayar masa. Akwai wani tsoho mai baibayar jinka, ɗan lambunsa na albasa a bakin tafkin yake, da shi yake riƙe gidansa da rani. Ya kai ƙara, aka ce ya dawo gobe. Goben nan ta ƙi zuwa, albasa tana bushewa yana kallo ta bayan shinge. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma bai zagi kowa ba. Da bazara ta kama, attajirin ya sa aka yaye rufin ƙaton rumbunsa, ya kira tsohon ya yi sabo. Tsoho ya yi aikin nan tsaf, don shi ba ya ha'inci a sana'a. Sai dai kullum da la'asar yakan bi majalisa-majalisa yana 'yar magana ƙasa-ƙasa.

To ka san ɗaga jinka sai da gayya. Ranar ɗagawa aka tuƙa tuwo, aka dama fura, gari ya fito kaf. Maimakon su kama, sai kowa ya nemi wuri ya zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa. Ga rumbu baki buɗe, ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Attajiri ya zaro kuɗi ya ce kowa ya faɗi abin da yake so. Wallahi a cikinsu akwai waɗanda tun jiya ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Tsoho ya san su ɗaya bayan ɗaya, gabansa sai faɗuwa yake kada yunwa ta tayar da wani. Kai, mazaje! Ko mutum ɗaya bai motsa ba, don kowa ya riƙe maganar da tsoho ya riƙa raɗa musu a majalisa. Mai gari ya zo yana hargagi, shi da barori huɗu suka kama jinka, ko gezau. Sai da iska ta fara kaɗawa tsoho ya buɗe baki: "Alhaji, a cire ƙaya, mu ɗaga." Da hannunsa attajirin nan ya riƙa jan ƙaya, babbar riga na yagewa. Su kuma suka tashi suka ɗora rufin kafin ɗigon farko, ko ƙwayar gero ba su bari ta jiƙe ba. Albasar bana dai ta tafi, amma tafki ya dawo hannun masu shi.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.