Awakin Gabas da Awakin Yamma

Wata akuyar ta sake faɗuwa a bakin sabuwar rijiya tana shure-shure, kuma duk wanda ke wurin ya juya ya kalli Jimrau.

Shi ya haƙa ta. A shekarar sama ta yi rowa, tafkunan kwarin Dakoro sun ƙafe tun ba a gama yankan gero ba. Tsohuwar rijiya da ke can hanyar Kornaka ta koma sai an yi ta zura guga kafin a samu abin da ya fi laka. Mai gari Maraya ya yanke doka: salka ɗaya ga kowane gida, ita ma sai an wuni ana tafiya da jira. Don haka ran da ruwa ya ɓullo a ramin Jimrau, har tsofaffi sun yi kuka. Aka ce a fara ba dabbobi kafin ruwan ya kwanta. Sai awaki suka kama zawo, suna bushewa, suna mutuwa.

"A cike ta," in ji Maraya. "Mu ɗaure kaya mu tahi kudu."

Tashi a tsakiyar rani, da goyo da masu sanda, kowa ya san ba duka za a kai ba. Jimrau ya fi kowa sani. 'Yarsa Fadimata ita kaɗai ta rage masa cikin 'ya'ya, leɓenta ya tsage, muryarta ta dushe. Ba za ta kai ko rabin hanya ba.

"Baba, ku saurare ni," Jimrau ya ce wa Maraya. "Yunwa ta sa awaki na cin abin da ba su saba ci ba. Ayarin Azbinawa ya wuce nan da dabba marar lahiya. Ruwan ga shi ne baƙo, shi ya sa muka kama shi. Ku bari in gwada da nawa."

Maraya ya ba shi zuwa tsayuwar wata.

Jimrau mutum ne mai taurin kai, amma ba mai gaggawa ba. Ya yi shinge biyu na ƙaya a gindin gawo ɗaya, na gabas da na yamma, don kada inuwa ta fi wa wasu. Bai yarda da idonsa wajen rabo ba, kada zuciya ta kai masu ƙarfi gefen da yake so. Karare ya karya na ƙuri'a, ya sa maƙwabcinsa ya ja wa kowace akuya nata. Ganye ɗaya, kanwa ɗaya, lokacin ci ɗaya. Ruwa kaɗai zai bambanta: na gabas su sha sabuwar rijiya, na yamma su sha tsohuwa. In rijiyar ce mai kisa, gabas za ta kwanta, yamma ta tsaya.

Duk wannan ya zayyana wa dattawa har sau biyu. Matarsa Uwale kuwa umarni kawai ta samu.

"Rabin salkarmu na awakin yamma ne."

"Mu hwa, Maigida?"

"Mu daure."

Ta dubi Fadimata, ta ce to.

Kullum da asuba Jimrau na fita sarar ganye, don na kusa ya ƙare. Uwale ta shayar da awakin, sannan ta kora jaki zuwa hanyar Kornaka. Da yamma ya tsuguna tsakanin shingayen yana duba ido da kashi. Tsoro ya hana shi ci. Abin da ya ɗan sanyaya masa rai, Fadimata ta fara tashi zaune, har tana waƙa da 'yar muryarta. Ya ce Allah bai manta da su ba.

Akuya ta farko a gabas ta faɗi. Jimrau ya zauna daɓas a ƙasa, a zuci ya ga garin nan an watse, ya ga kabari a bakin hanya. Washegari wata ta bi ta, ita ma a gabas.

Sai kuma yamma ta kama. Zawo iri ɗaya, rawar jiki iri ɗaya. Kafin wata ya tsaya, asarar nan da ta can ba wadda ta fi wata. Ban san an taɓa ganin mutumin da ya yi murnar mutuwar awakinsa kamar Jimrau ba.

Bai jira komai ba, ya tara gari da hantsi.

"Ku duba da idonku! Waɗanga ko ƙanshin rijiyata ba su ji ba, ga su kwance. Ciwon ba cikin ruwa yake ba."

Maraya ya zagaya shingayen, ya yi tambaya, ya sake yi, bai samu ɓaraka ba. "Hujja ta zamna," ya ce. "To, wa za ya hwara sha?"

Jimrau ya ja guga, ya cika ƙwarya, ya kafa kai. Ya ga har yanzu mata na ja da baya da 'ya'yansu. Sai ya sake cikawa, ya kira Fadimata. Yarinyar ta riƙe da hannu biyu ta shanye tas, ta miƙa a ƙara mata. Nan aka ɓarke da guɗa, aka yi ca a kan guga.

Da la'asar Uwale ta dawo da jakinta, ta iske gari na shagali. Fadimata ta sheƙo a guje, gaban zanenta jiƙe, tana cewa, "Inna, na sha na Baba har na ƙoshi!"

Igiyar jakin ta suɓuce daga hannun Uwale, ta kurma ihu. Ita kaɗai ta san awakin yamma ba su taɓa ganin ɗigon tsohuwar rijiya ba: rabonsu Fadimata take ba a ɓoye, shingayen biyu kuma daga rijiyar mijinta take cika musu.