Lambar da Ba a Ɗauka Ba

Saura minti huɗu a tafi hutun rabin lokaci sai kan Declan Pascoe ya daki ƙarfen ragar ƙwallo. Har masu gasa nama a bayan rumfa sai da suka ji ƙarar.

Angus Rehn, mai kula da raunin 'yan wasan Tarrabool, shi ya fara isa. Ya cilla wa Noelene, sakatariyar ƙungiya, wayarsa ta kira motar asibiti, ya durƙusa cikin taɓo, ya tallafe kan da hannu biyu. Idan ana tsoron wuya ya taɓu, doka ɗaya ce: wanda ya riƙe kai ba ya saki sai motar ta zo. Ita kuwa tafiyar minti arba'in ce tsakaninta da filin.

Shekara goma sha biyar Angus yana wannan aiki kyauta duk Asabar. An taɓa ganinsa yana mayar da kafaɗar da ta goce yana taunar cingam. Yau yatsunsa rawa suke yi.

"Tsoho, sanyi ne ko tsufa?" in ji Brodie, kyaftin, yana ƙoƙarin dariya. Angus bai ɗago ba.

Noelene ta dawo da fayil a hammata. Farkon kowace kakar wasanni ɗan wasa yakan cike takarda, ya rubuta wanda za a kira in wani abu ya same shi. A ta Declan lamba ce kawai, babu suna.

"Ta yarinyarsa ta birni ce," in ji Brodie. "Gimbiyar da ba a gani."

Kowa ya san labarinta. Shekara uku Declan yana ba su labarin wata budurwa a Adelaide, wadda aiki ba ya barin ta zo kallo ko sau ɗaya.

Noelene ta danna lambar a wayarta. Ta yi ta ƙara har ta katse. Angus ya gyara durƙuso, ya danne cinyarsa da ƙasa.

Idon Declan ya buɗe, bai tsaya a kan kowa ba. "An ba karen abinci?"

"An ba shi," Angus ya ce a hankali. "Kar ka motsa."

Bayan minti ɗaya Declan ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa. Sai ya ce ba ya jin ƙafarsa ta hagu.

Daga bakin shinge wani magoyin bayan baƙi ya gaji da jira. Ya ɗaga gwangwanin giyarsa. "Ku ɗaga shi mana! Ko duk 'yan daudu kuke tarawa a garin nan?"

Aka yi dariya, har da wasu na gida. Kowa ya san inda maganar ta dosa. Bara, mai tsaron ragar Tarrabool, Kieran Doyle, ya tsaya a ɗakin canja kaya ya faɗa wa abokan wasansa cewa shi namiji yake so. Ba wanda ya taɓa lafiyarsa. An dai daina shiga wanka in yana ciki, an daina ba shi hannu bayan wasa, wani ya yi rubutu a jikin jakarsa. Mako biyar ya jure, ya tattara ya bar garin. Ranar da aka ga rubutun Declan ya yi dariya tare da kowa. Angus kuwa ya ci gaba da naɗe bandejinsa.

Noelene ta sake kira. Ta sake. A na biyar ta fara magana da wayar kanta.

"Ɗauki mana, 'yar nan! Mutum na kwance a ƙasa!"

"Ba ta damu da shi ba," in ji Brodie. "Na sha gaya masa."

Gumi ya gangaro cikin idon Angus. Ba hannun sharewa.

Da motar ta iso, ma'aikaciyar jinyar da ke ciki ta ɗaura wa Declan abin tallafe wuya, ta tambayi ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Noelene ta shiga laluben fayil.

"Fenisilin," in ji Angus. "Kuma bai ci komai ba tun safe."

Ta rubuta. Sai a lokacin ta ce ya saki. Yatsunsa sun sandare, da ƙyar suka buɗe.

"Mutum ɗaya zai bi mu. Akwai iyalinsa a nan?"

Mahaifin Declan ya rasu, mahaifiyarsa tana can Tasmaniya. Angus ya tako taku ɗaya, ya buɗe baki. Idanu kusan ɗari biyu suna kan motar, har da na mai gwangwani.

Koci ya dafa kafaɗarsa. "Kai kam ba inda za ka, abokina. Ka san dokar gasa. In babu mai kula da rauni a fili, an ba baƙi wasan."

Noelene ce ta shiga. Kafin a rufe ƙofa ta miƙa masa wayarsa. "Zan ci gaba da gwada ta a hanya. Wallahi ranar da na haɗu da yarinyar nan, za ta ji daga gare ni."

Motar ta bi ta tsakanin gonakin alkama har ta ɓace. Alƙalin wasa ya ce minti biyar a dawo.

Angus ya shiga ɗakin canja kaya, ya rufe ƙofa, ya wanke jinin da ke hannunsa. A waje Brodie yana kiransa ya fito da ruwa.

Sannan ya zura hannu cikin aljihun cinyarsa, ya ciro ƙaramar wayar da shekara uku Declan kaɗai ya san tasa ce, ya tsaya yana kallonta tana rawa a tafinsa, kiran Noelene na tara.