Alluran da Suka Ɓata a Ajin Malama Pruitt

Allura goma sha huɗu ta ɓata daga kabad ɗin ajin masu koyon ɗibar jini, kuma Malama Pruitt ba ta cikin masu kawar da kai. Shekara goma sha tara tana koyarwa a wannan kwaleji ta garin Toledo a Amurka, ta kori mutane a kan abin da bai kai haka ba.

Tun ranar farko take karanta wa ɗalibai dokokinta. Allura ba ta fita daga ɗakin. Duk wanda ya soki mutum a wajen aji, ko kakarsa ce ta roƙe shi, ya kori kansa. Mai son takardar shaida kuwa sai ya ɗebi jini sau hamsin a hannun mai rai, shi ma ya miƙa nasa 'yan aji su koya. Hannun roba na mako biyun farko ne kawai.

A ajin bana babu kamar Loretta Haskins. Shekararta hamsin da ɗaya, ta yi rabin rayuwarta tana zuba wa yara abinci a makarantar firamare kafin a rage ma'aikata. Jijiyar da ta ɓoye wa kowa, ita da ta ɗora yatsa sai ta fito. Malama Pruitt ba ta yabon ɗalibi, amma a ranta ta riga ta zaɓi asibitin da za ta tura ta aiki.

A ɗaya gefen akwai Wendell Boyd, ƙaton saurayi mai gadin kanti, wanda ya faɗi wannan kwas ɗin bara, ga shi kwaleji ba ta ba da dama ta uku. Hannun roba ma ya ji jiki a wurinsa. Da ya ɗauki allura sai yatsunsa su kama rawa, 'yan aji kuma kowa ya tuna yana jin fitsari, don kar ya ba shi hannu. Kowa na ce wa Loretta Anti, ban da shi. Ko sunanta ba ya kira, alhali bas ɗaya suke hawa. Malama ta sa wannan a rashin tarbiyya.

A mako na shida Loretta ta fara sa riga mai dogon hannu, a tsakiyar watan Yuni ana tsananin zafi. Aka zo kanta ta ba da hannu, ta ce sanyin na'ura ya yi mata yawa. Mako mai zuwa ta ce ba ta karya ba. A daidai lokacin ne hannun Wendell ya fara natsuwa, har ya samu jijiya sau biyar a jere. Malama Pruitt ta ji daɗi ƙwarai, ta ce wa kanta ashe har yanzu ta iya koyarwa.

Sai ta ƙirga alluran kabad.

Ta kira Loretta ofis, ta rufe ƙofa.

"Naɗe min hannun rigarki."

Loretta ta naɗe ba musu. Gwiwar hannuwan biyu duk tabo ne, wani ya yi baƙi, wani ɗanye. Na daman ya fi muni, ita da ke rubutu da dama. Malama ta taɓa aiki a sashen gaggawa na asibiti, kuma garin nan bai rasa masu yi wa kansu allurar ƙwaya ba. Ta san abin da take gani, ko haka ta ce wa kanta.

"Ke kika kwashi alluran?"

"Ni ce, Malama."

"Tun yaushe?"

"Mako uku ke nan."

"Sau arba'in da shida kika ɗeba, Loretta. Huɗu suka rage miki. Huɗu."

"Na iya ƙirga, Malama."

"Ba ki da abin da za ki faɗa min? Ko ƙarya ce ki yi, in ga ko za ta shiga."

"Babu."

Abin ya yi wa Malama Pruitt ciwo, amma doka ita ta kafa ta. Ta miƙa mata takardar barin kwas, ta haɗa da wata 'yar takarda mai lambar wayar gidan da ake taimakon masu shaye-shaye. Loretta ta sa hannu a ta farko, ta ninke ta biyu ta sa a jaka, ta yi godiya, ta fita.

Ranar jarrabawar ƙarshe kowa kan zo da mutum daga gida ya ba da hannu. Wasu suka jawo mazajensu, wata ta zo da limamin cocinsu. Wendell na da arba'in da tara. Da aka kira sunansa ya leƙa waje, sai ga Loretta ta shigo da riga mai gajeren hannu, ta zauna a kujera.

Malama ta duba takardun doka sau biyu. Babu inda aka hana korarre ba da hannu. Ta kuma lura tabon duk sun dushe, babu sabo ko ɗaya.

Wendell ya wanke hannu, ya sa safar hannu. Ya tambaye ta suna da ranar haihuwa yadda aka koya masa, ta faɗa tana kallon silin. Ya ɗaura igiyar roba. Bai tsaya lalube ba, ya nufi jijiyar kamar mai shiga ɗakinsa. Jini ya cika kwalba.

"Hamsin," in ji Malama Pruitt, ta rubuta.

Ya zare allura, ya danna auduga, ya sunkuya ya rage murya, amma ɗakin shiru ne.

"Ya yi zafi, Mama?"

"Ko kusa," Loretta ta ce wa ɗanta. "Ba kamar waɗanda ka yi ta yi min a teburin kicin ɗinmu ba."