Ɗan Rakiyar Inji

"Ni a baya zan zauna, kusa da shi," in ji Baba, yana shafa tsohon injinsa na buga littattafai, wanda ya cika bayan tirela har ya leƙo waje. "Shekara arba'in muna tare, ba zai tsallaka iyaka shi kaɗai ba."

Direba ya dube ni. Daga ni sai shi muka san na yi wa injin inshorar ninki uku, na kuma sassauta sarƙoƙinsa don ya zame a kwanar kan dutse.

Na taɓa takardar inshorar a aljihuna. Na haddace ta tsaf: har diyyar ran ɗan rakiya ana biya.

"To Baba," na ce, na durƙusa, "taka kafaɗata ka hau."