Motar Ɗauko Dada

Da na shiga ƙauyenmu a bayan Mubi, tuwo na kan wuta, amma babu kowa.

Don ɗauko Dada, mahaifiyata, na sayi wata akori-kura, shekarar gudun hijira. Wani makaniki a Jimeta ya ɗaga ta, ya sa manyan tayoyi, ya yi mata fenti ruwan ƙasa. "Oga, ba dajin da zai tsai da ita."

Na yi ta kiran Dada a ƙauyen har la'asar, na koma Yola ni kaɗai.

Bayan shekara goma, maƙwabciyarmu ta ƙauye ta ga motar a ƙofar gidana, ta ja da baya.

"Ashe kai ne. Mun zaci masu bindigar nan ne, muka hau dutse. Dada ba ta sauko ba."