Farfelar da Baba Ya Tsoma a Ruwa

Ƙarfen ya yi "cuu" a cikin randa kafin in buɗe baki.

Farfelar injin ban-ruwanmu ce. An rasa irinta har Birnin Kudu, shi ya sa na ƙera ta a jami'a, da na'urar da ke narkar da garin ƙarfe tana jera shi shimfiɗa bisa shimfiɗa. Baba maƙeri ne. Ya ce ba ta yi tauri ba, ya gasa ta jawur, ya tsoma ta a ruwa.

"Baba, a hankali ya kamata ta huce," na ce. "Ruwan sanyi zai tsattsaga cikinta."

Ya yi dariya. "'Yar boko, haka nake wa fartanya tun ba a haife ki ba."

Da muka ɗaura ta, injin ya tashi, ruwa ya zubo, Baba yana ta sa mini albarka. Kafin la'asar farfelar ta tarwatse, kuma ita ke nan gare mu.

Na taɓa ganin cikin irin wannan ƙarfen a madubin ƙara girma, duk ya daddare. Yanzu ba sai da madubi ba. Kullum ina ganin hoton a ƙasar fadamarmu ta Zandam da ta daddare, tsakanin busassun tumatir.