Muryar da Ta Koyi Tausayi

Tun da kamfanin da ya ƙera muryar kwamfuta ya koya mata tausayi, ta daina karanta wa makafi mugun labari. Sai ta sassauta shi, yadda ake yi wa tsoho idan an yi masa rasuwa.

Ranar Talata asibiti ya aiko wa Malama Larai sakamakon gwajinta. Shekara ashirin ke nan muryar ce idonta, don haka ta ce ta karanta mata.

"Sai dai a ci gaba da addu'a, Malama," in ji muryar.

"Ba wa'azi na tambaye ki ba. Me likita ya rubuta?"

"Allah shi ne mai magani."

Larai ta ɗauki sandarta ta nufi ofishin kamfanin. Magatakarda ya ba ta kujera, ya ce yanzu na'ura ce ke karɓar koke.

Larai ta matsa kusa da na'urar ta ce, "Idona ne ya mutu, ba hankalina ba. A riƙa karanta mana abin da aka rubuta, kalma bayan kalma."

"Ya shiga, Malama," in ji magatakardan.

"To karanta min abin da ya shiga."

Ya duba allon na'urar.

"An rubuta wai kin zo godiya."